Yadda Ake Karatun Kiɗa a Kwalejin Al'umma a Amurka

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, bayan an idar da sallar Juma'a ana gaisawa a ƙofar masallaci a nan Bronx, a birnin Niyok, wani matashi zai ja ni gefe ya rage murya ya ce, "Yaya, wai da gaske ka yi karatun kiɗa a kwaleji? Ta ina ake farawa?" Yawancinsu suna da kwamfuta a ɗaki, suna harhaɗa sauti da dare bayan sun tashi daga aiki. Kunne akwai, murya akwai, amma in ka miƙa musu takardar da aka rubuta kiɗa a kai, sai su yi shiru. Dominsu na zauna na rubuta wannan, da kuma ƙannenmu mata da ke tambaya ta waya.

Kwalejin al'umma makarantar gwamnati ce ta shekara biyu, wadda ke karɓar kusan duk wanda ya gama sakandare. Ta farko ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901. Yau jihar Kalifoniya kaɗai tana da guda 116, kuma jami'ar birnin Niyok, wato CUNY, tana da bakwai, biyu a cikin Bronx: Hostos da Bronx Community College. A ajin za ka tarar da ɗan shekara 18 kusa da direban tasi mai jikoki. Ba wanda zai kalle ka don shekarunka ko don lafazin Turancinka.

Mataki na farko: san abin da ka je nema

Kafin ka cike takarda ko ɗaya, zauna ka tambayi kanka. Masu zuwa ajin kiɗa iri uku ne. Akwai mai karatun aikin jinya ko kwamfuta wanda dole ya ɗauki darasi ɗaya na fasaha don cika sharaɗi. Wannan darasin sauraro ya ishe shi. Akwai mai son ya iya karanta kiɗa da rubuta shi don aikinsa na situdiyo. Shi darussa uku ko huɗu za su kai shi. Sai mai son digirin asoshiyet, wato na shekara biyu, wanda ke cin kimanin kiredit 60 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi), ya wuce jami'a ya ƙarasa. Hanyoyin ba ɗaya ba ne, kuɗinsu ma ba ɗaya ba ne.

A nan ne kuma za ka yi magana da gida. Mun taso inda ake ɗaukar kiɗa sana'ar gado ce ta maroƙa, kuma iyaye da yawa suna da damuwa ta addini wadda ba wasa ba ce. Kada ka ɓoye. Ka sami Baba ko Inna a lokacin natsuwa, ka nuna musu jadawalin darussan, ka faɗi abin da za ka yi da ilimin: koyarwa, gyaran sauti a gidan rediyo ko fim, ko adana kiɗan gargajiya. Karatun da aka fara a ɓoye yakan tsaya a rabin hanya ranar da aka gano.

Mataki na biyu: rajista da kuɗi

Wannan aikin takardu ne, zan bi ta kansa da sauri. Ana cike fom a shafin kwalejin na intanet, a kai shaidar gama sakandare. Mai takardar WAEC ko bakaloriya ta Nijar ya tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai yadda suke tantance takardun waje. Wanda bai gama ba yawanci sai ya fara cin jarabawar GED, wadda ke tsayawa a madadin shaidar sakandare. Ka kai shaidar cewa kai mazaunin jihar ne, domin kuɗin mazauni ya fi na baƙo sauƙi nesa ba kusa ba. A Kalifoniya mazauni na biyan dala 46 kowane kiredit, a kwalejojin CUNY kuwa dala 210 a shekarun nan. Ɗan ƙasa da mai girin kad, wato takardar zama ta dindindin, su cike fom ɗin neman tallafin gwamnati na FAFSA da wuri, ta nan ake samun tallafin Pell wanda ba bashi ba ne.

Zangon karatu kimanin mako 15 ne. Darasi mai kiredit uku yana cin kusan awa uku a aji kowane mako, kuma ka ware masa ninki biyu na haka a gida. In kana aiki cikakke, darasi biyu sun isa. Ka duba jadawali da kyau ka kauce wa ajin da ya faɗa kan lokacin Juma'a.

Mataki na uku: bi darussan a jere

A littafin darussa, na kiɗa yawanci suna ƙarƙashin haruffan MUS. Kada ka tsaya ga mai ba da shawara na babban ofis kaɗai. Taka ka je sashen kiɗa ka nemi malamin da ke kula da sababbin ɗalibai. Zai ba ka gajeriyar jarabawar auna matsayi. Ka amsa abin da ka sani, ka bar abin da ba ka sani ba, don a ajiye ka inda ya dace.

Ni a nan na yi tuntuɓe. Na ga na shekara ina kaɗa jita, sai na matsa aka sa ni a aji na ɗaya na tiyori, wato ƙa'idojin kiɗa, kai tsaye. Mako na uku malama ta rubuta layuka huɗu na muryoyi a allo ta ce a nemo kuskure, ni kuwa ina ƙirga layi da yatsa don in gane sunan ɗigon sauti na farko. Na janye daga darasin, kuɗina ya tafi, zango guda ya wuce. Da na koma ajin tubalan kiɗa, wato na masu farawa daga tushe, sai komai ya zauna.

Jerin da nake ba kowa shi ne: zangon farko ka haɗa darasin sauraro da na tubalai. Zango na biyu tiyori na ɗaya tare da horon kunne na ɗaya da ajin fiyano, domin ukun nan tafiyarsu ɗaya. Tarihi ya biyo baya. Tiyori hawa huɗu ne, kowanne sai an ci na ƙasa ake hawa na sama, kuma ƙananan kwalejoji kan buɗe hawan farko sau ɗaya ne a shekara. In ya wuce ka, sai baɗi.

Mataki na huɗu: koyi sauraro

Mutane na raina wannan darasi, suna cewa ai kowa ya iya jin kiɗa. Ji daban, sauraro daban. Abin da ake koya maka shi ne ka iya faɗin abin da ke faruwa a cikin sautin da kalmomi.

Ga yadda nake yi har yau. Duk abin da aka ba ni, nakan saurare shi sau uku, waya a kife. Karon farko ba biro, ba takarda. Karo na biyu ina rubuta amsar tambayoyi biyar: waɗanne kayan kiɗa nake ji? Bugun yana tafiya bibbiyu ne ko uku-uku? Karin yana hawa a hankali ne ko tsalle yake? Murya nawa ke tafiya a lokaci guda, kuma wace ce ke jan ragama? Wane yanki ne ya tafi ya dawo? Karo na uku ina kallon agogo, ina rubuta minti da daƙiƙar da wani abu ya canza: "1:42, ƙahoni sun shigo, sauti ya ƙaru."

Tambaya ta biyar ita ce ƙashin bayan darasin, ita ake kira siga. Kuma Bahaushe ya san ta tun yana goye. Wanda ya girma yana jin Mamman Shata yana kawo ɗa, 'yan amshi suna mayar da gindin waƙa, kalangai suna cike tsakani, ya riga ya san abin da ake nufi da yanki mai komowa da yanki mai sabuntawa. Ranar da malami ya zana A B A C A a allo ya ce sunanta rondo, a raina na ce gindi ne da 'ya'ya. In ka ci karo da sabuwar kalma, ka nemo mata misali daga kiɗan gida ka rubuta a gefen littafi. Sarewar makiyayi shi kaɗai a daji, murya ɗaya ce tilo. Mai kukuma da ke rera kari ɗaya da kukumarsa, kowanne yana ɗan lanƙwasa nasa, wannan ma yana da suna a littafin. Haka kalmomin ke kama ƙasa.

Za a kuma tura ka kallon wasa kai tsaye ka rubuta rahoto. Wasannin ɗaliban kwalejin galibi kyauta ne. Ka isa da wuri, ka karɓi takardar shirin a ƙofa, ka kashe waya. Dogon kiɗa irin simfoni yakan zo kashi uku ko huɗu da ɗan shiru a tsakani, kuma ba a tafi sai an kai ƙarshen duka. Ka jira ka ga madugun ya sauke hannu ya juyo. Rahoton kuwa a daren za ka rubuta shi. In ka kwana, rabin abin da ka ji ya gudu.

Mataki na biyar: ƙa'idoji, da hannu a kan fiyano

Tiyori ba a haddace shi a kan gado. Ka sami kibod mai maɓalli 61, ko na hannu ne, da abin sawa a kunne don maƙwabta. In babu hali, sashen kiɗa na da ƙananan ɗakunan gwaji da fiyano a ciki, ka tambayi yadda ake karɓar makulli.

Zauna a gabansa. Baƙaƙen maɓallai suna jere ne biyu, uku, biyu, uku. Farin da ke hagu da baƙaƙe biyun nan shi ne C. Daga shi ka bi farare zuwa dama: C D E F G A B, sai wani C. Wannan C na biyu sauti ɗaya ne da na farko, sai dai ya fi shi siranta, kamar yadda namiji da mace kan rera waƙa ɗaya kowa a muryarsa. Tazarar sunanta oktif, kuma lissafi ne tsantsa: sautin A da ake daidaita kayan kiɗa da shi yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, na samansa sau 880. In ka ƙirga farare da baƙaƙe a cikin oktif guda, 12 ne. Daga maɓalli zuwa maƙwabcinsa rabin taki ne, biyu kuwa cikakken taki.

Yanzu ka riƙe wannan jeri kamar sunanka: cikakke, cikakke, rabi, cikakke, cikakke, cikakke, rabi. Shi ne sikel, wato tsanin sautuka, irin na mejo. Fara daga G ka bi jerin, za ka ga dole ka taɓa baƙi ɗaya kafin ka isa gida. Fara daga D, baƙaƙe biyu. Da hannunka ka gano abin da wasu ke wahalar haddacewa. Sai ka danna C da E da G tare. Wannan kod ne. Sauko da yatsan tsakiya rabin taki zuwa baƙin da ke hagu, ka saurari yadda fuskar sautin ta canza, ya koma maino. Ka gina irin wannan kod a kan taki na ɗaya da na huɗu da na biyar na sikel, ka sami ukun da buluz mai gaɓa 12 ke tsaye a kansu, da dubban waƙoƙin rediyo.

Akwai gwajin da nake so kowane Bahaushe ya yi a daren farko. Ka bar farare, ka bi baƙaƙe kaɗai, ka laluɓi wata waƙar daɓe ko ta gaɗa da kakarka ke yi. Sau da yawa za ka same ta a can, domin baƙaƙen biyar sikel ne mai sauti biyar, irin wanda kiɗanmu da yawa ke tafiya a kai. Wani wurin kuma za ka ji sautin da kake nema ya faɗa tsakanin maɓalli biyu. Ba kunnenka ne ya yi kuskure ba. Goge da muryar ɗan Adam suna zamewa ta wuraren da fiyano ba shi da ƙofa.

Rubutun kansa layuka biyar ne da filaye huɗu. A rubutun da hannun dama ke bi a fiyano, layukan daga ƙasa su ne E G B D F, filayen F A C E. Yi ƙananan katuna, ɗigo a gaba suna a baya, ka riƙa jujjuya su a jirgin ƙasa. Shafin musictheory.net na da irin wannan atisaye kyauta, manhajar MuseScore kuma tana ba ka damar rubuta kiɗa ta kaɗa maka shi ka ji. Amma aikin gida ka fara yin sa da fensir, domin da fensir za ka zauna jarabawa. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi.

Wajen bugu kuwa, mu ne da gida. Ɗigo cikakke bugu huɗu, rabinsa biyu, rubu'insa ɗaya, haka ake ta rabawa. Abin da ke ba 'yan aji wuya shi ne uku a kan biyu: hannun hagu ya buga cinya sau biyu, na dama sau uku, a cikin lokaci ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da matan da ke lugude ko kiɗan ƙwarya, jikinsa ya san sarƙar bugu irin wannan. Aikinka shi ne ka rage gudu, ka kunna metironom, na'urar da ke riƙe maka bugu daidai, ka ƙirga da baki har ka ga inda kowane bugu ya sauka a takarda. Wannan ragewar ita ce mai wuya, domin hannu ya saba gudu.

Mataki na shida: horon kunne

Wannan aji kiredit ɗaya ne ko biyu, amma shi ke kayar da mutane. Malami zai kaɗa gajeren kari 'yan lokuta ka rubuta shi, ko ya miƙa maka layin da ba ka taɓa ji ba ya ce rera da do re mi. Kada ka tsorata. Harshenmu mai karin sauti ne: kunnen da ke raba "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala ta hawa da saukar murya kaɗai, kunne ne da ya sha horo, kuma da wannan hawa da saukar ne kalangu ke magana. Abin da ya rage shi ne auna tazarar da ba ta suna. Ka sami abokin aji, ɗaya ya danna sauti biyu ɗaya ya faɗi tazarar, ku yi musaya. Ka riƙa rerawa da ƙarfi ko muryar ba daɗi. Abin da ba ka iya rerawa ba, da wuya ka iya rubuta shi.

Mataki na bakwai: tarihi

Manna doguwar takarda a bango ka ja layi. Wajen 1025 ka sa Guido na garin Arezzo a Italiya, malamin coci da ya tsara rubutu a kan layuka ya kuma fito da sunayen da suka zama do re mi. 1501, aka fara buga littafin kiɗa mai muryoyi da yawa a Venis. Wajen 1600 opera ta kunno kai, wajen 1700 Cristofori ya ƙera fiyano a Florence. 1750 Bach ya rasu, da shekarar ake rufe zamanin Barok. Mozart 1756 zuwa 1791. Beethoven 1770 zuwa 1827, wanda ya ci gaba da tsara kiɗa bayan kunnensa ya mutu. 1877 Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar sauti, 1917 faifan jaz na farko ya fito. Kowane sabon suna ka rataye shi a kan layin nan, ka rubuta abu ɗaya da kunne zai gane shi da shi.

Dalili kuwa, jarabawar ta kunne ce. Malami zai kunna tsakiyar wani kiɗa na kamar minti ɗaya, ka faɗi zamani da mai shi da hujjarka. Don haka kada ka riƙa sauraro daga farko kullum. Haɗa jerin a waya, ka sa ya riƙa zaɓo maka barkatai, ka tsallaka tsakiya.

Gaskiya ita ce yawancin littattafan nan Turai suka sa a gaba, Afirka babi ɗaya ake ba ta ko ƙasa da haka. Wannan yana ci mini rai, amma ban yarda mutum ya yi fushi ya ƙi koyo ba. Ka ja layi na biyu a ƙarƙashin na farko ka cike da kanka. Ziryab ya isa Kurɗuba a 822 ya koyar da kiɗan Bagadaza a Andalus. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen 950, ya rubuta babban littafi kan ilimin kiɗa. Sunan molon Turawa na da, wato lut, daga kalmar Larabci al-ud ya fito. Algaitar fadar sarakunanmu 'yar'uwar obo ta Turawa ce, dukansu da tagwayen beli ake busa su. Banjo na Amurka kuwa bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka haife shi, dangin gurmi da molo ne. Su ne kuma suka riƙa taruwa ran Lahadi a dandalin Kongo na New Orleans, garin da jaz ya tashi. Mu na Bronx ma tarihin a ƙofarmu yake: a gida mai lamba 1520 titin Sedgwick ne DJ Kool Herc ya yi bikin ranar 11 ga Agusta 1973 da ake ƙirga mafarin hip hop daga shi.

Abu ɗaya da ya kamata ɗalibi Musulmi ya sani tun da wuri: makonnin farko na tarihin kiɗan Turai kusan duk na coci ne, domin su ne suka fara rubutawa. A aji nazari ake yi. Amma mai neman digiri yawanci dole ya shiga ƙungiyar wasa, kuma ƙungiyar mawaƙa takan rera baitocin ibadar Kirista. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka faɗa wa shugaban sashe tun makon farko cikin ladabi, ka zaɓi ƙungiyar jaz ko ta ganguna ko ta jita.

Mataki na takwas: takardar ƙarshen zango da wucewa gaba

Mai niyyar zuwa jami'a ya kiyaye makinsa kada ya sauka ƙasa da C, ya adana silabos, wato takardar tsarin karatu, na kowane darasi, ya kuma sani cewa yawancin jami'o'i za su sake gwada shi a tiyori su kuma saurari wasansa kafin su karɓi kiredit ɗinsa na kiɗa. Ka tambayi sashe waɗanne jami'o'i ke da yarjejeniya da kwalejin, tun a shekarar farko.

In aka ce kowa ya zaɓi batun takardar bincike, ka roƙi izinin yin rubutu a kan kiɗan gida. Malamai da yawa na maraba da haka. Ɗauki abu ƙarami ka tona shi: kuntigin Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya, ko yadda kotso ke raka murya a waƙoƙin fada na Musa Ɗanƙwairo, ko kiɗan ƙwarya na Barmani Choge. Zaɓi daƙiƙa 30 kacal. Rage gudunsa a kwamfuta, ka fara rubuta bugun, sannan karin, ka sa kalmomin a ƙarƙashin ɗigogin da alamar hawa da saukarsu, ka duba ko karin waƙar yana bin karin magana. Inda sautin ya faɗa tsakanin maɓallai, ka zana ƙaramar kibiya sama ko ƙasa a kan ɗigon, ka bayyana a gefe. In akwai dattijon makaɗi a unguwa, ka je ka gaishe shi da ɗan abin goro, ka nemi izini kafin ka kunna na'ura, ka tambaye shi sunan kowane kiɗa da wanda ake yi wa shi da wanda ya koya masa. Ka rubuta ranar da wurin a kan faifan, ka ba malami kwafi ɗaya, ka mayar wa dattijon ɗaya.